Darasi na Tara: Ɓarauniyar Hanyar Jini a Ƙafa

A shekarar 1890 wani likita mai suna Branham, da ke aiki a garin Brunswick na jihar Jojiya a Amurka, ya rubuta labarin wani majinyaci da harsashi ya samu a cinya. Rauni ya warke, fata ta rufe, amma cinyar ba ta koma yadda take ba. Duk wanda ya aza tafin hannu a wurin sai ya ji tana diri. Abin da ya fi ɗaure wa likitan kai shi ne, in ya danne babbar jijiyar da ke saman raunin, sai bugun zuciyar mutumin ya faɗo daga 80 a minti guda zuwa 35 ko 40. Da ya ɗaga yatsa sai bugun ya koma yadda yake. Branham ya fito fili ya ce bai san dalili ba. Kafin shi, a 1875, wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ostiriya, Carl Nicoladoni, ya ga irin haka a hannun wani majinyaci, kuma har yau ɗaliban likitanci da sunan mutanen nan biyu suke koyon wannan alama.

Abin da harsashin ya yi shi ne ya ratsa jijiyoyi biyu da ke kwance gefe da gefe a cikin cinyar. Da suka zo warkewa sai suka warke a haɗe, da ƙofa a tsakaninsu, jini ya samu ɓarauniyar hanya. Ba ciwo ba ne da ake gani kullum. Amma yana cikin waɗanda rashin saninsu ke iya kashe mutum cikin 'yan mintoci, in aka ɗauka kumburin maruru ne aka sa masa aska, kuma yana cikin waɗanda ake iya ganewa da hannu da kunne tun kafin a kai ga na'ura.

Yadda jini ke zuwa ya dawo

Zuciyar babban mutum da ke zaune yana hutawa tana tura jini wajen lita 5 a kowane minti. Jinin yana fita ta jijiyoyi masu kaurin bango, waɗanda za a kira jijiyoyin kai jini a wannan darasi. Su ne masu harbawa. Ɗalibi na iya tabbatar da haka a inda yake zaune: ya aza yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ko a bayan ƙashin idon sawu ta ciki, zai ji bugu. Awon da ake yi a asibiti a ce 120 bisa 80, ƙarfin jinin da ke cikin waɗannan jijiyoyi ake aunawa. Suna tafe suna rarrabuwa suna sirancewa har su zama siraran hanyoyi da ido ba ya gani, waɗanda ƙwayoyin jini ke bi ɗaya bayan ɗaya. A nan ake ainihin aikin, nama ya karɓi iskar oksijin da abinci, ya miƙa dattinsa. Kafin jini ya fito daga waɗannan siraran hanyoyi ƙarfinsa ya karye. Sai ya taru cikin jijiyoyin maido jini, masu taushin bango, irin waɗanda ake gani a bayan hannu. Ƙarfin jini a cikinsu wajen 10 ne kawai in mutum na kwance. A ƙafa, inda dole jini ya hau sama, akwai 'yan bawul a cikinsu da ke buɗewa sama kaɗai, kuma naman sharaɓa ne ke matsa su duk lokacin da aka taka.

Jijiyoyin nan biyu tare suke tafiya. A matsematsi, daidai inda kaluluwa ke fitowa, da cikin cinya, da bayan gwiwa, manne suke da juna cikin kube ɗaya. Shi ya sa abu guda mai tsini ke iya huda su duka biyun.

Manomin rani zai fi kowa saurin gane abin da ke biyo baya. Injin ban-ruwa na jawo ruwa daga kogi yana tura shi zuwa fangali. A ce hanyar ruwan ta ɓalle kusa da bakin kogi. Ruwa ba zai wahalar da kansa zuwa ƙarshen gona ba, zai bi ɓarakar ya koma inda ya fito. Fangalin ƙarshe ya bushe, inda ruwan ke kwarara ya zaizaye, mai gona kuma ya yi ta ƙara wa inji wuta yana shan mai a banza.

Tafin ƙafa da yatsu su ne fangalin ƙarshe. Jinin da ke isa gare su ya ragu, sai su yi sanyi, su riƙa ciwo in an yi tafiya, rauni kaɗan ya ƙi warkewa, alhali fatar da ke kan ɓarakar ta fi ta ɗaya ƙafar ɗumi. Jijiyar maido jini kuwa, wadda aka yi ta don jini mai tafiya a hankali, sai ga ta tana karɓar bugu kai tsaye. Ta buɗe, ta yi kauri, ta karkace, bawul ɗinta su lalace, jini ya taru a ƙasa. Ƙafa ta kumbura, jijiyoyi su firfito ruɗu-ruɗu, fatar ƙwauri ta yi duhu da tauri, a kai ga gyambo kusa da idon sawu. Ita kuma zuciya jini na dawo mata da yawa kuma da wuri, dole ta ƙara gudu da ƙarfi don sauran jiki ya samu rabonsa. In ƙofar babba ce kuma kusa da gangar jiki, zuciya na iya yin shekaru tana ninka aikinta har ta buɗe ta gaji. Mutum ya fara haki in ya hau tudu, da dare ya kasa kwanciya sai ya tara matasai. Emile Holman na Jami'ar Stanford, wanda ya buga littafi sukutum a kan wannan ciwo a 1937, ya nuna cewa zuciyar da ta buɗe saboda ɓarauniyar hanya tana iya komawa girmanta in aka rufe hanyar a kan lokaci.

Abin da ya gagari Branham kuwa yanzu an san shi. Da zarar yatsa ya toshe ɓarakar, ƙarfin jini a jijiyoyin kai jini yana tashi nan take. Akwai wuraren da ke auna wannan ƙarfi a jijiyoyin wuya da babbar jijiyar ƙirji, su ne ke aika saƙo ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci zuciya ta sassauta.

Wadda ake samu daga baya

Ɓarauniyar hanya iri biyu ce, akwai wadda rauni ke jawowa, akwai wadda ake haihuwar mutum da ita. Ta rauni ita aka fara sani. William Hunter, likita ɗan Sikotilan da ke aiki a Landan, ya bayyana ta a 1757, ya ƙara faɗaɗa bayanin a 1762. A Turai a wancan zamani tsaga jijiya a zubar da jini shi ne maganin kusan kowane ciwo, kuma a lanƙwasar gwiwar hannu ake yi, inda jijiyar maido jini ke kwance a kan ta kai jini. In hannun mai tsagar ya zarce kaɗan, sai askar ta huda ta sama ta shiga ta ƙasa. Hunter ya kwatanta dirin da ƙugin da ake ji, ya kuma lura cewa jijiyar kai jini da ke saman wurin tana ƙara faɗi.

A yau a ƙafa abubuwan da suka fi jawo ta su ne harsashi, ɓarɓashin bam, sukar wuƙa ko kibiya, da tsinin karyayyen ƙashi bayan haɗarin mota ko babur. Bindigar mafarauta mai watsa ƙananan harsasai tana da nata sharrin, domin ramin da take bari a fata ƙarami ne, yakan warke da wuri, kowa ya manta da shi. Ɓarakar da ke ciki tana iya yin watanni, ko shekaru masu yawa, tana faɗaɗa a hankali kafin ƙafa ta nuna. A yankunan da ake fama da 'yan bindiga da tayar da ƙayar baya, a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da gaɓar Tafkin Chadi, akwai mutane da dama masu yawo da tsohon tabon harbi da ba a taɓa ɗora wa abin sauraro ba.

Asibiti ma kan jawo ta. In za a duba jijiyoyin zuciya, akan huda jijiyar kai jini a matsematsi a zura siririyar roba. A birnin Dusaldof na Jamus likitoci sun bi diddigin mutum 10,271 da aka yi wa irin wannan aiki, suka buga sakamakon a 2002. Mutum 88 ne suka samu ɓarauniyar hanya, wato ƙasa da mutum 1 cikin 100, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na ɓarakokin sun rufe da kansu cikin shekara guda. Mata, da masu hawan jini, da masu shan maganin tsinka jini, su abin ya fi samu. Yanzu da yawa daga cikin wannan aiki ta wuyan hannu ake yi.

Akwai kuma wadda likita ke yi da gangan. A 1966 a birnin New York likitoci uku, Brescia da Cimino da Appel, tare da abokan aikinsu, suka nuna cewa in aka ɗinke jijiyar kai jini da ta maido jini a wuyan hannu, ta maidowar za ta yi kauri har ta jure allurar injin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. A hannu aka fi yi, sai jijiyoyin hannu sun ƙare ake komawa cinya. Duk mai ɗan'uwa da ke zuwa wankin ƙoda a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Yamai zai iya neman izini ya aza yatsa a wurin, ya ji dirin da wannan darasi ke magana a kai. Ga mai wankin ƙoda wannan diri alamar lafiya ce, ranar da ya ɗauke ne ake garzayawa asibiti. A takardar asibiti likita zai rubuta fistula, sunan da ake ba kowace ɓaraka tsakanin hanyoyi biyu na jiki, amma ba ta da wata alaƙa da yoyon fitsari na mata.

Hannu da kunne kafin na'ura

A ɗauki misalin dattijo manomi da ya zo asibitin karkara da gyambo a ƙafar hagu wanda ya ƙi jin magani. An sha wankewa, an sha allura, an yi na gida. Ma'aikacin lafiya mai lura ba gyambon kaɗai zai kalla ba. Zai ce a naɗe wando har sama a miƙe tsaye, ya gwada ƙafafun biyu. Ta dama lafiya lau. Ta hagu ta fi kauri, jijiyoyi sun firfito tun daga cinya.

"Baba, ƙafar nan ta taɓa samun rauni? Harbi, ko sara, ko karaya?"

"Ai ɗan nan, wannan tsohon zance ne. Wajen farauta bindiga ta tashi, tun kafin in aurar da 'yata ta fari. Ya warke tuntuni, ga tabon nan."

"Bari in taɓa wurin, Baba."

Tafin hannu ake azawa gaba ɗaya, a hankali, ba tare da dannawa ba. In akwai ɓarauniyar hanya za a ji wata karkarwa mai laushi a ƙarƙashin fata, wadda ba ta ɗaukewa tsakanin bugu da bugu. Sai a ɗora abin sauraren ƙirji a kan tabon. Sautin ƙugi ne mara yankewa, yana ƙaruwa da kowane bugun zuciya sannan ya ɗan lafa, amma ba ya yin shiru. Wannan rashin yankewar ce ke bambanta shi da sautin jijiyar da ta tsuke kawai, wanda ke zuwa ya tafi tare da bugu. Daga nan ma'aikacin zai taɓa bugun tafin ƙafa a ɓangarorin biyu, ya ji ɗumin fata da bayan hannu, sannan ya riƙe wuyan hannun majinyaci yana ƙirga bugu yayin da ya danne wurin na ɗan lokaci. Wannan gwajin na ƙarshe na ma'aikacin lafiya ne, ba abin da za a riƙa yi a gida ba ne, domin yana iya sa jiri.

Tambayar tsohon rauni ita ce mabuɗin, kuma ita aka fi mantawa. Majinyaci ba zai faɗa da kansa ba, don a ganinsa abin da ya warke shekara goma baya ba shi da haɗi da gyambon bana. Firfitowar jijiyoyi abu ne da ake yawan gani a masu ciki da masu doguwar tsayuwa da tsofaffi, galibi a ƙafa biyu. Amma in ƙafa ɗaya ce tak, a jikin yaro ko matashi, ko jijiyar da ta firfito tana harbawa, to da sauran magana. Tundurmi ma kan kumbura ƙafa ɗaya, sai dai ba ya diri kuma ba ya ƙugi.

A nan ya kamata a tsaya a kan batun aska. Ƙaho da wanzami ke yi tsaga ce ta saman fata, ba ta kai wa ga manyan jijiyoyi. Haɗarin yana wajen sakiya da farke kumburi. Sau da yawa raunin da ya haɗa jijiyoyi biyu yakan bar wata jaka cike da jini a gefe, mai ɗumi, mai ciwo, wani lokaci har da sheƙi, kamanninta sak na ƙurjin da ya nuna. Ba wanzami kaɗai take ruɗa ba, ta sha ruɗar ma'aikatan asibiti a ƙasashe daban-daban. In aka huda ta ba mugunya za ta fito ba. Saboda haka duk mai riƙe aska, sarkin aska ne ko ma'aikacin ɗakin sha-ka-tafi, haƙƙi ne a kansa ya fara aza tafin hannu a kan kumburin ya saurara, musamman a matsematsi da cinya da bayan gwiwa. In yana harbawa ko yana diri, a mayar da aska kube a tura mutum babban asibiti. Maɗori ma haka, in bayan ɗori ya ga kumburi na ƙaruwa yana bugu.

Abin da na'ura ke ƙarawa

Gwajin farko shi ne sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, amma mai auna gudun jini. Ana kiransa Dofla, daga sunan Christian Doppler, masanin da ya bayyana a 1842 yadda sauti da haske ke canzawa in abin da ke fitar da su yana tafiya. Shigeo Satomura na Jami'ar Osaka a Japan shi ya fara amfani da wannan ilimi a jikin mutum a shekarun 1950. A fuskar na'urar jinin da ke tunkaro ta yana fitowa da launi ɗaya, mai nisantar ta da wani, galibi ja da shuɗi. A daidai ɓarakar sai launukan su cakuɗe, a kuma ga jijiyar maido jini tana bugu. Babu allura, babu zafi. Yana da kyau majinyaci ya nuna wa mai sikanin tabon da kansa.

In za a yi aiki, likitan tiyata na buƙatar taswira. Sai a yi hoton CT bayan an zuba wani ruwa ta jijiya mai sa hanyoyin jini su fito fili. Wannan ruwa ta ƙoda yake fita, shi ya sa ake gwada ƙoda kafin a ba da shi. Hoton MRI ya fi nuna yadda ciwon ya shiga nama da ƙashi, amma na'urar tana aiki ne da maganaɗisu mai ƙarfin gaske, don haka mai harsashi ko ɓarɓashin ƙarfe a jiki dole ya faɗa tun kafin a shigar da shi. Mataki na ƙarshe shi ne zura siririyar roba cikin jijiyar kanta a ɗauki hoton jini yana gudu, bisa dabarar da Sven-Ivar Seldinger na Suwidin ya fito da ita a 1953. Akan kuma yi sikanin zuciya a ga ko ta fara buɗewa. Irin waɗannan gwaje-gwaje a asibitocin koyarwa da manyan asibitoci ake samun su.

Toshe hanyar

Ƙaramar ɓaraka ta bayan aikin asibiti, wadda ba ta damun ƙafa ko zuciya, ana iya zuba mata ido ana maimaita sikanin. Ta harbi ko suka da wuya ta rufe da kanta, kuma jinkiri na ƙara wahalar aiki, domin jijiyoyin kewaye na ƙara buɗewa suna ƙara rauni.

A da likitoci kan jira watanni har ƙananan jijiyoyin gefe su ƙarfafa, sannan su yi ɗauri huɗu, wato su ɗaure jijiyar kai jini sama da ƙasa, ta maido jini sama da ƙasa, su yanke tsakiyar. Zuciya kan huta, amma ƙafa da yawa kan rage da ƙarancin jini har abada. Yaƙi ne ya koya wa likitoci illar ɗaure babbar jijiya. Michael DeBakey da Fiorindo Simeone sun duba raunukan jijiyar kai jini 2,471 na sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, suka samu cewa wajen rabin gaɓoɓin da aka ɗaure wa jijiya an yanke su. A Yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, da aka koma ɗinke jijiya maimakon ɗaure ta, adadin ya sauko zuwa wajen kashi 13 cikin 100. Tun daga nan gyara ya zama ƙa'ida, har ga ɓarauniyar hanya. Likita zai kama jijiyoyin sama da ƙasa da wurin, ya raba su, ya ɗinke kowacce. In ta kai jini ta lalace da yawa, sai ya ciro doguwar jijiyar maido jini da ke ƙarƙashin fatar ɗaya ƙafar ya yi mata gada, kuma ɗaya ƙafar ba ta rasa komai don tana da manyan jijiyoyi a ciki.

Yanzu akwai hanyar da ba a farke cinya. Ta ƙaramin huji ake tura wani bututun raga mai rufi cikin jijiyar kai jini, a buɗe shi daidai ɓarakar, ya rufe ƙofar daga ciki jini ya wuce ta tsakiyarsa. In ƙaramin reshe ne ke ciyar da ɓarakar, sai a cusa masa 'yan murɗaɗɗun wayoyi ya toshe. Majinyaci kan tashi da wuri. Sai dai kayan na da tsada, suna buƙatar shan magani mai hana jini daskarewa, kuma a matsematsi da bayan gwiwa, inda ƙafa ke lanƙwasa dare da rana, bututun kan iya karyewa ko toshewa. Shi ya sa a waɗannan wurare, musamman ga matashi, likitoci da yawa sun fi son tiyata. Bai kamata wanda aka yi wa tiyata ya ɗauka an ba shi na baya ba.

Wadda ake haihuwa da ita

Wannan ta fi wuya, kuma ya kamata iyaye su ji gaskiyarta tun farko. Ba ƙofa ɗaya ba ce. Curi ne na ƙananan hanyoyi masu yawa da suka sarƙe tun jariri na ciki, lokacin da jijiyoyi ke rabuwa. Ba abin da uwa ta ci ba ne, ba abin da ta tsallaka ba ne, kuma ba laifin kowa ba ne.

Da fari akan ga tabo mai faɗi a fata, wanda a baƙar fata ke fitowa da duhu ko ja-ja, kuma ya fi kewayensa ɗumi. A 1982 John Mulliken da Julie Glowacki na Boston suka raba irin waɗannan tabo gida biyu. Akwai mai tasowa da sauri a watannin farko sannan ya motse da kansa cikin shekaru. Akwai kuma mai girma tare da yaro, wanda ba ya tafiya. Ɓarauniyar hanya a gida na biyu take. Likitoci na bin matakai huɗu da Robert Schobinger na Suwizalan ya tsara: tana kwance shiru, sannan ta fara faɗaɗa tana bugu, sannan ciwo da gyambo da zubar jini, a wasu ƙalilan kuma ta kai ga gajiyar zuciya. Balaga da juna biyu da bugewa su ne suka fi tayar da ita. Mace mai irin wannan tabo ta nuna shi a ranar farko ta awon ciki.

Da yake jini mai yawa na ratsa wuraren da ƙashi ke tsawo, ƙafar kan fi 'yar'uwarta tsayi da kauri, yaro ya riƙa ɗingishi. Frederick Parkes Weber na Landan ya bayyana wannan a 1907. Akwai wani ciwo mai kama da shi da Faransawa biyu, Klippel da Trénaunay, suka bayyana a 1900, shi ma da tabo da babbar ƙafa, amma jininsa a hankali yake tafiya, ba ya diri. Dofla ke raba su, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. In bambancin tsayi kaɗan ne, ƙarin tudu a takalmin gajeriyar ƙafar ya isa. In ya haura wajen santimita 2, likitan ƙashi na iya rage saurin girman doguwar kafin yaro ya gama tsawo.

Babban kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne ɗaure babbar jijiyar da ke ciyar da curin. Kumburi ya lafa na 'yan watanni, kowa ya yi murna, sannan curin ya jawo jini ta wasu sababbin rassa ya dawo fiye da da, ga shi an toshe ƙofar da za a bi a kai gare shi. Tsakiyar curin ake nufa. Ta siririyar roba ko allura ake zuba masa gam na likita, ko wani ruwa mai daskarewa, ko tsantsar sinadarin etanol, wanda Wayne Yakes na Amurka ya yaɗa amfani da shi tun shekarun 1980. Etanol na ƙona bangon hanyoyin daga ciki, amma in ya kauce yana iya kashe fata ko jijiyar motsi, don haka a barci ake yi, kaɗan-kaɗan, zama bayan zama. Wani lokaci a biyo baya da tiyata a cire ragowar. Tana iya dawowa, shi ya sa ba a sallamar majinyaci gaba ɗaya. Safa mai matsi na rage kumburi, amma sai likita ya tabbatar jini na isa tafin ƙafa. A 2003 masu bincike a Burasel suka gano cewa canji a ƙwayar gado mai suna RASA1 na jawo wani nau'i da ke bin zuri'a, a 2017 kuma wasu a Boston suka gano canji a MAP2K1 a cikin curin kansa, wanda ba a gadonsa. Wannan ya buɗe ƙofar gwada magungunan sha irin su trametinib, amma har yanzu ana kan bincike.

In jini ya ɓalle

Mai irin wannan ƙafa, da mutanen gidansa, dole su san abin yi in gyambo ko jijiya ta fashe. A kwantar da shi, a ɗaga ƙafar, a ninke ƙyalle mai tsabta a danne daidai inda jinin ke fita da ƙarfin hannu biyu. Kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In ƙyallen ya jiƙe a ɗora wani a kai. Ba a zuba ƙasa ko toka ko garin magani. In jinin feshi yake kuma danni ya kasa tsayar da shi, a samu ƙyalle mai faɗi, ba igiya ko waya ba, a ɗaure sama da wurin, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya. A duba agogo a rubuta lokacin, kada a kwance a hanya, kuma wanda ya rako majinyaci ya faɗa wa ma'aikacin da ya fara karɓarsu ƙarfe nawa aka ɗaure. In akwai takardun sikanin na baya, wani ya biyo da su.